Amsar Wasiƙunku: Yadda Ake Cewa "Ya Fi" Da Turanci

Wani manomi ya aiko mana takarda daga Gumel, wai ɗansa ya rubuta "more better" malaminsu ya soke da jan biro, ga kuma jarrabawar shiga sakandare ta ƙarato. To ɗan'uwa, kada ka ga laifin malamin.

Mu a Hausa kalma guda ke yi mana wannan aiki, wato "fi". Buhun nan ya fi wancan nauyi, shi ke nan. Shi kuwa Bature wutsiya yake liƙa wa kalmar. In abu biyu ake gwadawa sai a ƙara -er: tall, dogo ke nan, ta koma "taller than". In ya fi kowa, sai -est: "the tallest". Doguwar kalma irin expensive, wato mai tsada, ba ta ɗaukar wutsiya, a gabanta ake sa more ko most.

Akwai kuma 'yan taurin kai, su kam sai hadda: good, better, best, bad, worse, worst. Ka ga better ta riga ta ɗauko "fi" a cikinta, ƙara mata more tamkar biyan kuɗin awo sau biyu ne. Ka riƙa sa yaron yana gwada awakin gida da Turanci kowace yamma, ka zauna kusa ko da ba ka jin abin da yake faɗi.