Cec Thompson

Theodore Cecil Thompson (1926–2011), wanda aka fi sani da Cec (ana furta shi "Ses"), ɗan wasan zari-ruga ne ɗan ƙasar Ingila. Ya buga nau'in da ake kira rugby league, mai 'yan wasa 13 a kowane ɓangare, wanda ya ɓalle daga asalin wasan a 1895 a kan batun biyan ma'aikata kuɗin aikin da suke rasawa ranar wasa.

Farkon rayuwa

An haife shi a yankin Durham da ke arewacin Ingila. Mahaifinsa mutumin Trinidad ne, mahaifiyarsa Baturiya. Ya tashi ba uba, ya yi shekaru a gidajen marayu, kuma ya bar makaranta bai iya karatu da rubutu sosai ba.

Wasa

A 1948 ƙungiyar Hunslet ta birnin Leeds ta ɗauke shi, yana buga layi na biyu na 'yan gaba, gurbin masu ƙarfi da jure karo. A 1951 ya buga wa Birtaniya wasa biyu da New Zealand. Wasu na cewa shi ne baƙar fata na farko da ya wakilci ƙasar, amma Roy Francis ya riga shi tun 1947.

Ya koma Workington Town a 1953. Yana cikin 'yan wasanta da suka sha kashi a hannun Wigan da maki 13 da 9 a wasan ƙarshe na Challenge Cup a Wembley a 1958. Daga baya ya horar da ƙungiyar Barrow.

Karatu

Suna bai hana shi jin kunya ba. Idan magoya baya suka nemi ya sa musu hannu sai hankalinsa ya tashi, don rubuta sunansa ma aiki ne. Kuɗin wasa a lokacin ba ya riƙe gida, shi ya sa yake sana'ar wanke tagogi. A motar da ke kai su wasa yakan zauna yana haddar sababbin kalmomi, ya kuma shiga makarantar dare.

Yana dab da shekara 40 ya samu gurbi a Jami'ar Leeds, ya yi digiri a fannin tattalin arziki. A can ya taimaka aka kafa ƙungiyar wasan ta ɗalibai a 1967. Ya koyar da tattalin arziki a makarantar sakandare a Chesterfield har ya yi ritaya, ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa mai suna Born on the Wrong Side.