Amyar Farin Soso: Ko Za Ta Yi Wa Manoman Kwoi Rana?

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya san Kwoi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jaba a kudancin Jihar Kaduna, da citta ya san ta. Daga nan da Kaciya da kewayen Kafancan ake lodin buhunan da ke sauka Ikko, har a haye teku da su. To, a daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta na wannan yanki, ganye ya bushe, saiwa ta ruɓe a ƙasa, manoma da yawa ba su fid da ko irin da suka binne ba. Wannan hasara ta nuna cewa manomi na bukatar wata hanyar samu ban da citta, kuma akwai ɗaya da ke rataye bisa itatuwan ɗorawa da kaɗanya tun kaka da kakanni, wato zuma.

Amyar gargajiya da ciyawa ake saƙa ta, a yaɓe da kashin shanu, a ɗaure ta can ƙololuwar itace. Ba ta cin kuɗi, amma ranar ɗiba sai mutum ya hau da dare da wutar ciyawa a hannu. Ƙudaje su ƙone, saƙa ta farfashe, zuma ta gauraya da 'ya'yan ƙuda da warin hayaƙi, sauran kuma su yi ƙaura. Shi ya sa 'yan'uwanmu masu tallar zuma a kwalba a Agege ko Sabon Badun kan sha ciniki mai rauni in kayan ba su da tsabta.

Maganin wannan ya daɗe da samuwa. A 1852 wani Ba'amurke mai suna Langstroth ya yi rajistar akwatin da ake zare saƙa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an kashe ƙuda ba. Wajen 1970 kuma aka fito da wani mai sauƙi dominmu a Kenya, mai kama da komin dabbobi, da sanduna jere a bakinsa, kowace sanda da saƙarta. Aibinsa nauyi da tsadar katako.

Nan ne maganar farin soso ta shigo, wato abin nan marar nauyi da ake tallafe rediyo ko firiji da shi cikin kwali, wanda ake zubarwa tuli a kasuwar Alaba. Turawa na kiransa polistirin, kuma a ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Finlan da Jamus an yi shekaru ana yin amya da shi. Dalili kuwa shi ne, ƙudan zuma na riƙe ɗumin ɗakin 'ya'yansu wajen digiri 35 dare da rana. In sanyi ya yi yawa, sai su sha zumar da suka tara don su ɗumama shi. In zafi ya yi yawa, sai su bar neman fure su koma ɗebo ruwa da fifita da fukafukai. Soso na tare sanyi da zafi duka, ga shi ko yaro ya ɗauka. A Kwoi, inda hunturu ke kaɗawa da dare, bazara kuma ta gasa murfin kwano har saƙa ta narke ta zube, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Amma fa araha ba ta ado. Soson da Turawa ke amya da shi matsattse ne ƙwarai, na cikin kwali kuwa bai kai rabin ƙarfinsa ba. Ƙudan da kansu kan gurgure shi su watso waje. Tururuwa da gara kan yi rami ciki, kaji su tsattsage shi, rana ta mai da shi gari. Fenti mai kananzir ko fetur narkar da shi yake yi, sai dai na ruwa. Uwa uba wuta: gobarar daji ta rani ko garwashi ɗaya daga gwangwanin hayaƙi ya isa. Mutum ya zuba wa ƙudanmu amyar da ba ta yi musu ba, ba sa jayayya, tashi suke yi.

Saboda haka hanyar da ta dace da wannan ƙasa ita ce a ɓoye soson. A sami siraran falankai, a dasa shi tsakaninsu, yadda ƙuda ba zai taɓa shi daga ciki ba, kaza ba za ta gan shi daga waje ba. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, ya sa shi a ƙarƙashin murfi kaɗai, don ta nan rana ta fi dukan akwati. Sa'an nan kafinta ya kula da awo: faɗin kowace sanda milimita 32 ne ga ƙudan ƙasarmu. In ya kuskure, sai su gina saƙa a gicciye, a koma gidan jiya. A goga kaki a tsakiyar sandunan don jawo su, a ajiye akwatin a inuwa bisa ƙafafu, kowace ƙafa cikin gwangwanin baƙin mai saboda tururuwa, a kuma share ciyawar kewaye tun kafin masu farauta su fara cinna wuta.

Ga 'yan'uwa mazauna Kurmi masu aika ɗan abin masarufi gida, shawara ita ce kada a yi gaggawar sauke amyar iyaye daga kan itace. A aika da kuɗin akwati ɗaya ko biyu, da soson da za a tsinta kyauta, a kafa su kusa da tsoffin kafin ɗorawa ta yi fure. In an zo ɗiba, a auna ta akwati dabam, ta amya dabam, da galan ɗaya. Abin da galan ya nuna, shi za a bi a shekara mai zuwa.