Idan Ka Ƙwaci Ɗan Tsuntsu Daga Bakin Kyanwa

Ka san ɗan jan tsuntsun nan da ke sauka tsakar gida yana tsintar tsaba a gindin turmi, wanda ake kira baiwar Allah? Namijin ja ne, macen kuwa ƙasa-ƙasa ce. Tsawonsa bai wuce santimita 10 ba, nauyinsa kuma kamar giram 9 ko 10 ne kacal. Saboda a ƙasa yake kiwo, ga shi kuma ya saba da mutane, shi ya sa kyanwa ke yawan cafke shi. To, a ce yau ka kori kyanwa ta yar da shi, ga shi kwance yana haki. Me za ka yi? Mutane da yawa da kyakkyawar niyya suke ƙarasa shi, garin gyaran gira a rasa ido. Saurara ka ji yadda ake yi.

Abu na farko shi ne ɗauka. Ka rufa masa ɗan tsumma mai laushi, ka tallabe shi a tafin hannu, fukafukansa a lafe da jikinsa. Kada ka kuskura ka matse ƙirjinsa. Tsuntsu da motsin ƙashin ƙirji yake numfashi, in ka danne wurin ka shaƙe shi ke nan, ko da ba ka taɓa wuyansa ba.

Na biyu, nemo ɗan kwali, kamar na takalmi. Ka huda ƙananan ramuka a jikinsa don iska, ka shimfiɗa tsumma marar zare, ka sa shi ciki ka rufe. Kada ka sa shi a keji, don zai yi ta bugun ƙarfen yana ƙara wa kansa rauni. Duhu da shiru ne ke kwantar masa da hankali. Ka sani firgita kaɗai tana iya kashe tsuntsu ƙarami irin wannan, saboda haka ba lokacin kiran abokai su zo kallo ba ne.

Sai maganar ɗumi. Zafin jikin irin waɗannan tsuntsaye yakan kai digiri 40 zuwa 42, ya fi na ɗan Adam, kuma wanda ya ji rauni nan da nan yake yin sanyi. In lokacin hunturu ne ko damina, ka zuba ruwan ɗumi a kwalba, ka naɗe ta da tsumma, ka jingina a gefe guda na kwalin, yadda in zafi ya dame shi zai matsa ɗaya gefen. In bazara ce, inuwar ɗaki ta isa. Ka ɗora kwalin a sama inda kyanwa da cinnaka ba za su kai ba. Ka nisanta shi da hayaƙin murhu, da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa ko na fesawa, domin huhun tsuntsu ba ya jure su ko kaɗan.

Yanzu ga kuskuren da aka fi yi: buɗe masa baki a ɗura ruwa. Kul! Ƙofar maƙogwaron numfashinsa tana nan a gindin harshe, ɗigo ɗaya in ya bi ta nan sai huhu. Ka bar shi ya huta kamar awa ɗaya ko biyu. In ka ga ya miƙe a kan ƙafafunsa, idonsa a buɗe, sai ka ajiye masa ruwa a murfin kwalba, da ɗan gero ko acca, ya ci da kansa. Kada ka ba shi madara, cikin tsuntsu ba ya narkar da ita. Burodi kuma cika ciki ne kawai, babu amfanin kirki.

In jini na zuba, ka danna wurin a hankali da auduga mai tsabta har ya tsaya. Don wanke ciwo, ka tafasa rabin lita na ruwa da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, ya huce, ka riƙa dangwalawa da auduga. Ban da man shafawa, ban da manja ko man gyaɗa, domin maiƙo yana manne gashin, shi kuwa gashin shi ne bargonsa. Maganin mutane ma, irin su farasitamol, kada ka gwada.

To, ga babbar magana, wadda in ka manta da komai kada ka manta da ita. A bakin kyanwa akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Pasteurella. Haƙoran kyanwa sirara ne kamar allura, sukan huda fata su zuba ƙwayar a ciki, ramin kuma ya ɓuya a ƙarƙashin gashi. Sai ka ga tsuntsu ya warware yana tsalle, ka ce ai ya tsira, amma cikin kwana ɗaya ko biyu cutar ta bi jini ta kashe shi. Saboda haka duk tsuntsun da ya shiga bakin kyanwa, ko ba ka ga ciwo ba, yana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta a ranar. Ka roƙi Baba ko Yaya su raka ka asibitin dabbobi. Likitan dabbobi ne ya san irin maganin da gwargwadon da ya dace da mai nauyin giram 10. Shi ne kuma zai duba in fiffike ɗaya ya saki ƙasa, alamar karaya ke nan. Ƙashin ƙaramin tsuntsu yakan haɗe cikin mako biyu zuwa uku, amma in ya haɗe a karkace, shi da tashi har abada.

Kai ma ka kula da kanka. Ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa shi, kuma kada ka haɗa shi da kajin gida. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya a shekarar 2006, kuma tsuntsaye kan ɗauki cuta daga junansu. In kyanwar ta cije ka ko ta yakushe ka wajen ƙwata, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, sannan a kai ka asibiti.

Yaushe za a sake shi? Sai ya gama shan magani, yana ci da kansa, kuma ka gwada shi cikin ɗaki a rufe ka ga yana tashi sama sosai. In kyanwa ta tuge masa gashin jela, zai sake tsirowa cikin mako huɗu zuwa shida. Ka sake shi da safe, a wurin da ka tsince shi, kusa da bishiya ko danga, don a nan abokin zamansa yake. Kada sabo ya sa ka riƙe shi a keji. Jinya ka yi, ba kamu ba.

Ita kuma kyanwa, kada ka huce a kanta da duka ko jifa. Farauta halittarta ce. Ka tuna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Abin yi shi ne a ƙosar da ita, a tsare ta a ɗaki da sassafe da yamma lokacin kiwon tsuntsaye, a kuma daina watsa tsaba kusa da inda take laɓewa. Rigakafi ya fi magani.

Wani lokaci za ka yi duk wannan, tsuntsun ya mutu. Kada ka karaya. Ka binne shi, ka wanke hannu, ladan tausayinka yana nan. Allah Ya sa mu zama masu jinƙai ga bayinSa, manya da ƙanana, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.