Allon Kwamfuta Da Lafiyar Ido: A Gwada Kafin A Biya

Duk wanda ya san kasuwanninmu na kan iyaka shekaru 20 da suka wuce, in ya zagaya su yau zai tarar da canji. Daga Birnin Konni da Illela, zuwa Dan Isa da Jibiya, har Gaya da Kamba, kwamfuta ta shiga harkar fatauci ta zauna daram. Masu fitar wa jama'a kaya a ofishin kwastan, wato duwan, a kan allo suke cika takardu. Haka masu tura kuɗi da masu shagon buga takardu, har da attajiran da suka ajiye littafin bashi suka koma lissafi a na'ura. Wasunsu daga hantsi har magariba idonsu na kan allo.

To sai dai wannan ci gaba ya zo da kukan da muke yawan ji a rumfuna: ido ya yi ja yana raɗaɗi kamar an zuba masa yashi, kai na sarawa da yamma, rubutu ya koma dishi-dishi. Likitocin ido sun tabbatar da cewa kallon allo ba ya makantar da mutum, gajiya ce da bushewar ido, kuma hutu na maganinsu. Amma ga ɗan kasuwa wannan gajiya asara ce, domin kuwa idon da ya gaji shi ne ke karanta 3 a matsayin 8, ko ya ƙara sifili guda ya mayar da sefa 50,000 ta koma 500,000 a takardar abokin ciniki.

Inda gizo ke saƙar

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne, mutum kan ƙifta ido kamar sau 15 a minti ɗaya, amma idan ya ƙura wa allo ido, ƙiftawar kan ragu zuwa sau 5 ko 7, kamar yadda ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta bayyana. Ƙiftawa ce ke shafa wa ido danshi, saboda haka idan ta ragu sai ido ya bushe. A nan yankinmu kuwa, ga ƙurar hunturu, ga fanka na busa iska a fuska, abin sai ya ninka.

Abu na biyu yana cikin allon kansa. Tsofaffin alluna masu ƙaton ƙeya, irin tsohuwar talabijin, suna zana hoto ne su sake zanawa sau 60 a daƙiƙa idan ba a gyara saitinsu ba, kuma ido na jin wannan rawar ko da mai shi bai lura ba. Manyan kamfanoni sun daina ƙera su tun wajen shekarar 2010, kuma suna shan wuta ninki uku ko huɗu na allon zamani, abin da duk mai aiki da janareta ko sola ya san zafinsa. Wanda har yanzu yake da irinsa, ya sa a ɗaga masa saitin zuwa 75 ko 85 kafin Allah ya hore masa wani.

Siraran allunan da suka maye gurbinsu su ma ba duka suka kuɓuta ba. Mafi yawansu suna da fitila a bayan gilashinsu. Da yawa daga cikinsu, musamman waɗanda aka ƙera a farkon shekarun 2010, idan aka rage musu haske fitilar ba ta dusashewa, sai dai ta riƙa kunnuwa tana mutuwa ɗaruruwan lokuta a daƙiƙa guda. Wasu mutane ba ya damunsu, wasu kuwa shi ne sanadin ciwon kansu. Wannan ya sa kamfanoni suka fito da allunan da fitilarsu ba ta ƙiftawa, waɗanda za a ga an rubuta Flicker-Free a kwalinsu, wasu ma da tambarin TÜV Rheinland, wata cibiyar gwajin kaya ta ƙasar Jamus.

Kada a yi cinikin biri a sama

Mafi yawan allunan da ke isowa kasuwanninmu na hannu ne, sun yi aiki a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su sauka a tashoshin ruwa irin na Legas da Kwatano da Lome. Ba laifi ba ne sayen na hannu, domin tsohon allon ofis na kamfani irin Dell ko HP sau da yawa ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Amma akwai buƙatar lura. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2018 ya gano cewa a 2015 da 2016 kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shiga Nijeriya kowace shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kayan ba sa aiki. Saboda haka kada mu yarda a ce mana “yana yi” alhali ba a jona shi da wuta a gabanmu ba. Gani ya kori ji.

Gwajin bai wuce na minti goma ba. Da farko a juya bayan allon a karanta takardar da ke manne, akwai wata da shekarar da aka ƙera shi. Fitilar allo tana tsufa, kuma idan ta tsufa farin shafi kan koma ruwan ɗorawa, ko gefe guda ya fi wani duhu. A sa mai kaya ya buɗe farin shafi fes, a duba kusurwoyi huɗu.

Daga nan a rage hasken allon zuwa ƙasa sosai, a ɗauko wayar salula a buɗe kyamara a saita ta a kan farin shafin. Idan aka ga baƙaƙen layuka suna gudu a cikin wayar, to fitilar na ƙiftawa. Haka kuma ana iya kaɗa biro da sauri a gaban allon: idan ya bayyana kamar birori da yawa a jere, fitilar na ƙiftawa, idan kuwa inuwa ɗaya ce a shafe, to allon lafiya lau.

Sai kuma fuskar gilashin. Allo mai sheƙi kamar madubi yana burge mai saye, amma a rumfar da ƙofarta ke buɗe ga rana, mutum zai wuni yana ganin inuwar masu wucewa a kan lissafinsa. Wanda fuskarsa ba ta sheƙi ya fi dacewa da mu. A kuma matsa gefe a kalli allon, a ɗan duƙa a sake kallo. Idan launi ya juye ko rubutu ya dushe, to mai arahar gilashi ne. Nau'in da ake kira IPS ba ya yin haka, kuma shi ya fi ga mai shagon da ke nuna wa abokin ciniki takarda daga gefe.

Game da girma, allo mai inci 22 zuwa 24 wanda ke da ƙwayoyin hoto 1920 a kwance da 1080 a tsaye ya wadatar da aikin lissafi da takardu. A tabbata an saita kwamfutar a kan ainihin wannan adadi, in ba haka ba rubutu zai fito da gefe-gefe a jagule. Idan allon na da mashigar HDMI ko DisplayPort a yi amfani da ita, domin tsohuwar waya mai shuɗin kai, wato VGA, idan ta tsufa ko ta yi tsawo takan sa rubutu ya yi inuwa. Allon da ƙafarsa ke ɗagawa da sauka shi ma ya cancanci ɗan ƙarin kuɗi.

Batun tabarau

Kwanakin nan tabarau masu “tare shuɗin haske” sun cika tebura, ana sayar da su a matsayin maganin ciwon idon kwamfuta. Ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya. A shekarar 2023 masana ƙarƙashin cibiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 17 da aka yi a kan irin waɗannan tabarau, suka ce ba su ga alamar suna rage gajiyar ido fiye da tabarau na yau da kullum ba. Kuɗin da za a kashe musu, gara a haɗa a sayi allo mai kyau.

Amma akwai tabarau da ke da amfani. Duk wanda ya haura shekara 40, idonsa kan fara kasa ganin abu na kusa, kuma babu allon da zai gyara wannan sai gilashin da likita ya auna masa. Wanda ya canza allo, ya gyara zama, amma har yanzu gani bai washe ba, ko kuma yana da ciwon suga, to ya nufi asibitin ido. Hawan jinin ido, alal misali, yana cin gani a ɓoye ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Zama ma rabin magani ne

Ko allon miliyan aka saya, in aka ajiye shi ba daidai ba, kukan na nan. A ajiye shi nisan kamu ɗaya na miƙaƙƙen hannu, wato santimita 50 zuwa 70, saman allon ya yi daidai da ido ko ya ɗan yi ƙasa. Kada ƙofa ko taga ta kasance a bayan allon, kada kuma ta kasance a bayan mai aiki, gara ta zama a gefe. A daidaita hasken allo da na ɗakin: a ɗora farar takarda kusa da shi, idan allon ya fi ta haske kamar fitila, a rage. Idan rubutu ya yi ƙanana a ƙara masa girma maimakon a riƙa leƙa wuya. A kau da fanka daga fuska, a riƙa goge ƙura da ƙyalle mai laushi. Sannan bayan kowane minti 20 a ɗaga kai a kalli wani abu mai nisan mita 6 na tsawon daƙiƙa 20. Rumfar maƙwabci ta tsallaken hanya ma ta isa.

A ƙarshe muna kira ga 'yan'uwanmu masu sayar da waɗannan kaya da su tanadi wuta da kwamfutar gwaji a shagunansu, su bar mai saye ya gwada da idonsa. Wanda ya sayi allo ya ji daɗinsa, shi ne zai kawo maƙwabcinsa gobe. Mu kuma masu saye, mu tuna cewa allo in ya lalace akwai wani a kasuwa, amma ido biyu kacal Allah ya ba kowa, kuma da su ake neman abinci. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, amin.