RUWAN KOGI: ABIN DA KA ZUBA A GONARKA, WANI ZAI SHA

Manomi, ka san inda ruwan da ya kwaranya daga gonarka yake zuwa? Daga kwalbati ya shiga rafi, daga rafi ya shiga kogi. Duk ƙasar da ruwanta ke taruwa a kogi ɗaya, ita ma'aikata ke kira yankin kogi.

Ɗauki namu. Kogin Kano da na Challawa sun haɗu sun zama Kogin Haɗeja. Na Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos ya taso. Wajen Gashuwa suka gamu suka zama Kogin Yobe, har Tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa yana tafiya rani da damina. Ka sami noman rani, amma kacala ma ta sami wurin zama. Ciyawar nan ba abin da take so kamar ruwa kwance da laka da taki. Ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, ta hana su, ta zama makwancin jan-baki mai cinye shinkafa. Shi ya sa a 2006 jihohi shida, wato Kano, Jigawa, Bauchi, Filato, Yobe da Borno, suka amince da shiri ɗaya na kula da ruwan nan. Jiha ɗaya ba ta iyawa, don kogi bai san iyaka ba.

To, ina naka aikin?

Kada ka yi huɗa har bakin gaɓa. Bar ciyawa kamar taku goma, ita za ta tare laka da taki. A gangare, ka yi kunya a gicciye, kada ta bi gangaren.

Takin zamani, musamman yuriya, a tona a binne kusa da shuka. Wanda ya watsa shi ga hadari ya haɗo, kuɗinsa ya zuba wa kacala.

Maganin feshi shi ne mafi haɗari. Kada ka wanke injin feshi a kogi ko a hanyar ban-ruwa, ko kusa da rijiya. Ɗebi ruwa a bokiti ka koma cikin gona. Galan ɗin da ya ƙare a ɗauraye shi sau uku, a juye ɗaurayen cikin injin a fesa, sannan a huda shi don kada yara su ɗebi ruwan sha da shi. Masu zuba magani a ruwa don kifi ya taso kuwa, a kai maganarsu wurin mai unguwa ko malamin gona.