Kwangilarka ta Farko a Harkar IT: Yadda Za Ka Zaɓi Kamfanin da Za Ka Fake a Inuwarsa

Koyon haɗa manhaja ko shafin intanet daban, karɓar kuɗin aikin daban. Makarantar kuɗi a Gusau, ko asibiti a Tsafe, ko wata ƙungiyar agaji da ke aiki a Bungudu za ta iya yaba aikinka, amma da an zo maganar biya sai akanta ya ce ba sa tura kuɗi asusun mutum. Sai ka kawo lambar rajistar CAC, da lambar haraji ta TIN, da asusun banki mai sunan kamfani. A nan ne yawancin masu farawa ke neman wani mai kamfani ya ara musu takardu.

Mene ne kamfanin lema?

A Ingila wannan sana'a ce mai zaman kanta, suna kiran ta umbrella company, wato kamfanin lema. Kamfanin ne ke ɗaukar ka a matsayin ma'aikacinsa, ya karɓi kuɗi daga mai aikin, ya cire haraji da la'adarsa, ya biya ka sauran tare da takardar albashi. Harkar ta ƙara bunƙasa bayan an tsaurara dokar harajin 'yan kwangila mai suna IR35, a ma'aikatun gwamnati a 2017, a kamfanoni masu zaman kansu kuma a 2021.

A wajenmu abin ya kasu gida biyu. Akwai kamfanin wani babban yaya ko maigida da za ka shiga kwangilar cikin gida da sunansa. Akwai kuma masu shiga tsakani a aikin ƙasar waje: Upwork da Toptal da Andela suna haɗa ka da mai aiki, su kuwa irin su Deel da Remote sun fi riƙe yarjejeniya da biyan kuɗi. Abu ɗaya ya haɗa su duka: kuɗin guminka sai ya bi ta hannun wani kafin ya iso gare ka.

Inda hatsarin yake

Wanda ya sa hannu a kwangila shi doka ta sani. In kamfanin Alhaji ne a takarda, to kuɗin da ya shiga asusun na kamfanin Alhaji ne. In ya juya su a wata harkar, ko banki na bin kamfanin bashi ya zare, mai aikin ba ruwansa, ya riga ya biya. Kai kuma ba ka da abin nunawa sai hirar WhatsApp.

Abubuwa shida da za ka duba

1. Rajista. Hukumar CAC tana da shafin bincike da kowa zai iya buɗewa a waya. Rubuta sunan kamfanin, ka ga ko lambar ta dace da wadda aka ba ka, kuma ko kamfanin na aiki ko an nuna ya kwanta. Lambar RC ta kamfani ce, BN kuma ta sunan kasuwanci. Tambayi mai aikin wacce yake karɓa.

2. La'ada. Kada ka tsaya a "za mu daidaita". A ce kwangilar N1,000,000 ce. Mai aiki ya cire N50,000 na haraji tun daga tushe, mai kamfani ya ɗauki kashi 10 cikin 100, wato N100,000, hayar saba da sunan shafi suka ci N200,000. Abin da ya rage maka N650,000 ne. Yi wannan lissafin kafin ka yanka farashi, ba bayan an sa hannu ba. Ka kuma tambaya ko harajin VAT na kashi 7.5 yana cikin farashin ko a kansa za a ɗora.

3. Haraji. Harajin da aka cire daga tushe da lambar TIN ta kamfanin ake rubuta shi, kuma kamfanin ne zai rage shi daga harajinsa na shekara. Ke nan riba ce gare shi bayan la'ada. Wannan hujja ce da za ka nemi ragi da ita. In kuma sun ce sun ɗauke ka ma'aikaci suna cire maka haraji a albashi, nemi rasit, domin harajin albashin mazaunin Zamfara hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ake kai wa.

4. Ranar biya. A rubuta kwana nawa za a yi tsakanin shigar kuɗi da turo maka naka. Ka nemi a riƙa nuna maka sanarwar banki duk lokacin da mai aikin ya biya.

5. Canjin dala. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashin dala ba ya zama wuri ɗaya. In albashinka dala 500 ne, mai shiga tsakani ya rage N50 a kowace dala, ka yi asarar N25,000 a wata, N300,000 a shekara. Zaɓi wanda zai biya ka dalarka a asusun dala na banki ko Payoneer, ko ya faɗi farashin da zai yi amfani da shi ƙarara.

6. Mallakar aiki. Wa ke da manhajar bayan an gama? Kana da izinin nuna ta a cikin ayyukanka? In gobe mai aikin ya neme ka kai tsaye, an hana ka? Wasu yarjejeniyoyin suna ɗaure mutum shekara ɗaya ko biyu. Karanta kafin ka danna amincewa.

Sharaɗin da ya shafe mu

Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Kwangila da yawa suna da tarar jinkiri. Saboda haka a sa a rubuce cewa katsewar sadarwa ko rufe hanya ba laifinka ba ne, za a ƙara maka wa'adi. Mai aiki da ke Legas ko Landan ba zai tuna da wannan ba sai ka faɗa.

Alamun da za su sa ka gudu

Duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista kafin ya ba ka aiki, ko ya nemi lambar sirrin da banki ya turo maka, ko ya ce a bi da wasu kuɗi ta asusunka ka cire naka ka tura saura, rabu da shi. Na ƙarshen nan na iya kai ka hannun EFCC. Haka wanda ya ce, "Haba ƙanena, tsakaninmu har sai an yi rubutu?" Amsar ita ce, "Yaya, rubutun ne zai tsare zumuncin." Shafi ɗaya ya isa: sunaye, kuɗi, la'ada, ranar biya, sa hannu da shaidu biyu. A kwangilar gwamnati kuwa, a bayyana matsayinka a takarda, kada a gabatar da kai a matsayin da ba naka ba.

Yaushe za ka buɗe naka?

Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta bai wa mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, kuma ana yin rajista ta intanet da lambar NIN. Sai dai akwai nauyi: rahoton shekara ga CAC da lissafin haraji, ko ka samu aiki ko ba ka samu ba. Manyan kwangiloli kuma kan nemi shaidar biyan haraji ta shekara uku, abin da sabon kamfani ba shi da tarihinsa.

Shawara ita ce, ka yi aiki ɗaya ko biyu a ƙarƙashin lemar wani, kana adana kowace yarjejeniya da rasit. Ka riƙa tara la'adar da kake biya a littafi. Ranar da ka ga jimillarta a shekara ta wuce kuɗin rajista da na akanta, lokacin buɗe naka ya yi.