Matar da Ta Sa Hannu da Sunan Namiji

A shekarar 1962 wata mata a Ingila, wadda ba ta cika shekara 30 ba, ta buɗe kamfani a kan teburin cin abincin gidanta da jarin fam 6. Sunanta Stephanie Shirley. Hajarta kuwa abu ne da mutane da yawa ba su ma san ana sayarwa ba, wato manhajar kwamfuta. A zamanin nan wanda ya sayi kwamfuta kyauta ake haɗa masa da manhaja, kamar gyaran da mai awo ke ƙara wa mai saye. Don haka da ta ce za ta ci abinci da rubuta manhaja zalla, dariya aka yi mata. Ga shi kuma mace.

Ta zauna tana ta aika wasiƙu zuwa manyan kamfanoni tana tallata aikinta. Shiru kake ji. Mijinta Derek ne ya ba ta shawarar ta daina sa cikakken sunanta a ƙasan wasiƙa, ta sa "Steve", laƙabin da ake kiranta da shi a gida, wanda duk Baturen da ya gani zai ɗauka namiji ne. Ba ta sauya komai a wasiƙun ba sai wannan. Sai ga amsa ta fara zuwa, ana cewa Steve ya zo a tattauna. Kafin manaja ya gane cewa baƙon nasa mace ce, ta riga ta shigo ofis, sun gaisa, ta zauna. Daga nan aikinta ne ke yi mata magana.

Ba wannan ne karo na farko da ta sauya suna ba. Vera Buchthal aka raɗa mata a birnin Dortmund na Jamus a 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki. Mahaifinta alƙali ne, Bayahude, kuma 'yan Nazi suka raba shi da kujerarsa. A Yulin 1939, tana da shekara 5, aka sa ta a jirgin ƙasa daga Biyana tare da yayarta Renate mai shekara 9, cikin yara kusan 10,000 da aka kwashe zuwa Birtaniya ba tare da iyayensu ba kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Wasu mata da miji marasa haihuwa a tsakiyar Ingila suka riƙe su. Ta sha faɗa daga baya cewa tun tana ƙarama ta ƙudura sai ta yi rayuwar da za ta nuna ceton da aka yi mata bai tashi a banza ba.

Lissafi take so, amma makarantar 'yan mata da ta shiga a garin Oswestry ba ta koyar da shi yadda ya kamata, don an ɗauka ba abin mata ba ne. Sai da aka nema mata izini ta riƙa tsallakawa makarantar maza tana ɗaukar darasin, ita kaɗai mace a aji. Tana da shekara 18 ta sami aiki a cibiyar bincike ta hukumar gidan waya da ke Dollis Hill a Landan, wurin da aka ƙera Colossus, na'urar da ta taimaka wa Birtaniya wajen warware saƙonnin sirri na Jamus lokacin yaƙi. A nan ta koyi haɗa kwamfuta da rubuta mata umarni. Da rana aiki, da yamma aji, shekara 6 cur, har ta sami digiri a lissafi.

Digirin bai buɗe mata hanya ba. Ta nemi ƙarin girma sau da dama ana hana ta. Daga baya ta ba da labarin abin da ta gano: wasu daga cikin mazan da ke kwamitin tantancewa sun gwammace su ajiye kujerar kwamitin da su sa hannu a ɗaga mace zuwa matsayin shugabanci. Ba su ce ba ta iya ba, don ba su da bakin faɗin haka. Tashi kawai suka yi suka bar wurin. A ganina irin wannan ya fi zagi ciwo, domin wanda ya zage ka ya ba ka abin da za ka amsa, wannan kuwa babu wanda za ka kama. Bayan aurenta a 1959 ta koma wani kamfanin ƙera kwamfuta, nan ma ta tarar akwai inda mace ba ta wucewa.

Ba ita kaɗai ba ce. A shekarun 1940 da 1950 aikin sarrafa kwamfuta a Birtaniya galibi mata ne ke yinsa, domin ana ɗaukarsa aikin ƙananan ma'aikata, ɗan'uwan buga tafireta. Da aka lura cewa a nan iko da kuɗi za su taru, sai gwamnati da kamfanoni suka fara neman maza, har ta kai mace ta horar da saurayin da za a ɗora a kanta. Wadda ta yi aure ko ta haihu kuwa, an riga an ɗauka ta tafi ke nan. Ƙasar ta cika da mata masu digirin lissafi suna zaune a gida, kamfanoni kuma suna kukan rashin ƙwararru.

Wannan ɓarnar ce ta zama jarin Shirley na gaskiya, ba fam 6 ba. Kamfanin nata, Freelance Programmers, ya tafi neman waɗannan matan gida-gida. Babbar tambayar da ake yi wa mai neman aiki ita ce ko tana da wayar tarho a kusa. Ba sai da kwamfuta a gida ba, don ba mai iya sayenta. Da fensir ake rubuta umarnin a kan takarda, a aika ta gidan waya zuwa inda za a huda shi a kati, sannan a kai wa na'ura a gwada. Mace ta yi aikinta idan yaro ya yi barci. Ba a ƙirga mata awa, abin da ta kammala ake biya. Su ma masu ba da kwangila farashi ɗaya ake yanka musu na aikin gaba ɗaya, saboda haka ba ruwansu da sanin ko da tsakar dare aka yi shi. Cikin ma'aikata 300 na farko, 3 ne kawai maza.

Dole ta sa aka yi dabaru. Lokacin da ta je buɗe asusun banki, sai da aka nemi sa hannun mijinta. Bayan ta haifi ɗanta Giles a 1963, idan abokin ciniki ya bugo waya takan kunna faifan ƙarar tafireta, don ya ji kamar ofis ne cike da ma'aikata, kada ya ji kukan jariri. Da haka aka riƙa samun ayyuka: tsara zirga-zirgar motocin safa, jadawalin jiragen ƙasa na kaya, lissafin kayan sito. Sai kuma babban, wato manhajar da ke nazarin bayanan da baƙin akwati ke naɗawa a Concorde, jirgin saman da Birtaniya da Faransa suka haɗu suka ƙera, mai gudun da ya ninka na sauti sau biyu. Akwai wani sanannen hoto na 1966 da ke nuna Ann Moffatt, ɗaya daga cikin matan da suka yi aikin, tana rubutu a kan teburin gidanta, 'yarta ƙarama na tsaye a gefe tana kallonta.

Kada a ɗauka tafiyar ta yi daɗi. Karayar tattalin arziki ta farkon shekarun 1970 ta kusa kashe kamfanin. A gida kuma Giles, wanda ya fara magana kamar kowane yaro, ya daina yana ɗan shekara biyu da wani abu, aka gano yana da lalurar otizim mai tsanani. Da ya girma ya yi ƙarfi, kula da shi ya fi ƙarfin iyayensa. Nauyin nan biyu ya kayar da Shirley har sai da aka kwantar da ita a asibiti, kuma ba ta ɓoye wannan ba a littafin tarihin rayuwarta na 2012.

Sai ga wani abin mamaki a 1975. Majalisar Birtaniya ta kafa dokar hana nuna bambancin jinsi a wurin aiki, dokar da mata suka daɗe suna fafutukar samu. Kamfanin da ya fi kowa ɗaukar mata sai ya wayi gari shi ne a kan laifi, domin fifita mata ma bambanci ne a idon doka. Dole aka buɗe wa maza ƙofa. Shirley kanta ta sha faɗin wannan tana dariya, ta ce an ɗauke su, in dai sun iya aikin.

Kamfanin ya sauya suna zuwa F International, sannan FI Group, daga ƙarshe Xansa, ya kai ma'aikata kusan 8,500. Kafin Shirley ta yi ritaya a 1993 ta riga ta miƙa wa ma'aikata kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jarin daga nata rabon. Da aka shigar da kamfanin kasuwar hannun jari ta Landan a 1996 darajarsa ta hau, fiye da 70 daga cikinsu suka zama miloniyoyi.

Giles ya rasu a 1998 yana da shekara 35. Mafi yawan dukiyarta, sama da fam miliyan 60, Shirley ta rabar da ita. Kaso mai tsoka ya tafi ga binciken otizim da makarantar Prior's Court da ta kafa don irin yaran, fam miliyan 10 kuma ga cibiyar nazarin intanet ta Jami'ar Oxford da aka buɗe a 2001. Kamfanin Steria na Faransa ya saye Xansa a 2007. Ita kuma ta rasu a watan Agustan 2025 tana da shekara 91.